Shekarar da Rago Ya Cinye Hular Lauya

Jikokina da abokansu sun ɗauka aikin akawun lauya ba komai ba ne illa rungumar fayil a bi bayan mai baƙar riga. Rannan har wani daga cikinsu, wanda ko takarda bai iya ninkewa daidai ba, yake ce min, "Baba, ai ku kun ci banza, fanka a sama, shayi a gaba." Na dube shi na ce Allah ya shirye ka. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan, don ku san cewa akawun lauya masinja ne, tafinta ne, mai rarrashi ne, kuma a wata shekara ni har kiwo na yi.

Aikin farko da aka fara sa ni shi ne ɗaure fayil. Wani tsohon magatakardan kotu ne ya koya min, mutum mai ɗan karen faɗa, kullum da rula a hannu. Akwai jan zare da ake ɗaure takardun shari'a da shi, kuma ɗaurin nan sai ya zama lauya zai iya kwance shi da hannu ɗaya yana tsaye gaban alƙali, amma in fayil ya faɗo daga bayan keke ba zai watse ba. Sai da na iya wannan aka bar ni na taɓa tafireta. Ku da kuke shafa waya ta goge muku kuskure ba za ku gane ba. Mu in ka zura fararen takardu da takardar kabon mai yin kwafi a tsakani, ka buga har ka kusa ƙarshen shafi, sannan yatsa ya zame, to sai dai ka yi salati ka zare ka sake sabo, don takardar kotu ba ta zuwa da kankara. Tafiretarmu kuma tana da wani harafi da ke maƙalewa, sai ka sa farce ka dawo da shi.

Amma babban kayan aikina kunne ne. Mutum zai taso daga Sabuwa ko Ƙanƙara a bayan babbar mota, ya zauna a zaurenmu, ka tambaye shi me ya kawo shi, sai ya fara daga ranar da kakansa ya sari daji. Ba ka isa ka katse shi ba. Sai ka ba shi ruwa ya sha, ka yi ta "Allah sarki" da "ikon Allah" har ya gangaro kan maƙwabcin da ya matsar da iyaka. A nan ne za ka ɗauki biro.

Ofishinmu a Funtuwa yake, domin nan majistare ke zama, amma mutanenmu duk daga yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suke zuwa. Zaure ne da ɗaki ɗaya babba da aka raba da katako, sai ɗan fili a baya mai bishiyar darbejiya. Lokacin kuɗin mai sun cika ƙasa, kowa ya rataya rediyo, 'yan kwangila na ta fasa hanyoyi. Gonar da da ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani, da titi ya bi ta gefenta sai ta zama abin rigima. Aiki ya yi mana yawa har ofis ya sayi sabuwar mota.

Lauyoyinmu biyu ne. Alhaji Lawal shi ne babba, ƙato, mai babban kai da murya, wanda in ya miƙe a kotu har masu tallar gyaɗa a waje sukan yi tsit. Malam Sani kuwa siriri ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a Ikko ba. Shi ba ya son tsayuwa gaban jama'a, muryarsa rawa take yi, amma babu littafin shari'ar da bai san cikinsa ba. Shi ke bincike ya tsara hujja, Alhaji ya shiga kotu ya zazzage ta. Tafiya na tafiya lafiya, sai ɗan tsaki nan da can wanda ni kaɗai nake ji.

Shari'ar Baba Tanimu ce ta jawo komai. Dattijo ne daga Ruwan Godiya, gona ɗaya gare shi, ita ke ciyar da gidansa. Wani ɗan kwangila ya ga marmara mai kyau a ƙarƙashinta, ya ce ai an ba shi wurin ya haƙa ya yi ciko a titi. Malam Sani ya je har gonar ya yi ta zagaye cikin rana yana neman shaidu, Alhaji ya tsaya gaban majistare ya yi ruwan magana, aka ce gona ta Baba Tanimu ce. Bayan an gama kaka, ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla, sai ga dattijon a ƙofar zaure riƙe da igiyar wani farin rago mai baƙin wuya.

Ya miƙo min igiyar ya ce, "Malam akawu, ga wanga, a ba lauya."

Na ce, "Wanne daga ciki, Baba?"

Ya ce, "Wanda ya ƙwato min gonata mana." Ya juya da sauri don kada motar kasuwar 'Yankara ta tafi ta bar shi.

Na shiga na faɗa musu yadda aka yi, kalma da kalma. Alhaji ya washe baki ya ce madalla, a kai gida. Sai Malam Sani ya yi ɗan tari daga bayan katako ya ce, "Allah ya sa albarka, ranka ya daɗe. Ai dama wanda aka ji muryarsa shi ya yi aiki."

Fuskar Alhaji ta canza nan take. Ya ce, "Isiyaku, kai wa Malam Sani ragonsa. Su ne masu ilimi, mu 'yan surutu ne."

Malam Sani ya ce, "Haba, ina ni ina rago ga babba zaune? Isiyaku, na Alhaji ne."

Kun san a wurinmu in abu ya shiga tsakanin babba da ƙarami, kowa yakan yi wa ɗan'uwansa kara ya ce ya bar masa. To ni ban taɓa ganin an yi faɗa da kara ba sai a ofishin nan. Na ja ragon na kai gidan Malam Sani, washegari na tarar da shi ɗaure a ƙofar ofis da saƙon godiya. Na kai shi gidan Alhaji, aka dawo da shi a bayan sabuwar mota, ya bar mana tsaraba a kan kujera. Da na gaji na ɗaure shi a gindin darbejiya na ce kowa ya shirya ya zo ya kwance. Salla ta zo, kowannensu ya je kasuwa ya sayi ragonsa ya yanka. Namu kuwa, ina jin a duk garin shi kaɗai ne rago mai ƙaho da ya ga bayan Salla da idonsa.

Daga nan magana ta ƙare a tsakaninsu, sai ta bakina. Katakon da ya raba su ko rufi bai kai ba, in ɗaya ya yi atishawa ɗayan na ji, amma sai Alhaji ya ƙwala min kira ya ce, "Isiyaku, gaya wa mai rago ina son fayil ɗin mutanen Ƙanƙara." Kafin in ɗaga ƙafa Malam Sani ya ce, "Isiyaku, gaya wa mai rago yana kan teburinsa tun jiya." Duk su biyun sunan da suke kiran juna ke nan. Ni kuma dole in taka in zagaya in maimaita, don in ban maimaita ba a wurinsu ba a faɗa ba.

Kiwon ragon a kaina ya faɗo. Kafin in buɗe tafireta da safe sai na jiƙa dusa, na watsa harawa, na share gindin bishiya. Abin haushin, kowannensu a ɓoye yake lallaɓawa ya ba shi abu. Alhaji ya koya masa cin goro, Malam Sani ya koya masa biskit. Rago ya yi ƙiba ya yi girman kai, igiya ta daina riƙe shi. Da rana ta take sai ya shigo ya kwanta ƙarƙashin fanka. Wani bawan Allah daga Sabuwa ya zo kawo ƙarar an doke shi a kasuwa, ya sunkuya zai cire takalmi, ragon ya ja da baya ya ƙara masa. Sai da na yi da gaske kafin ya haƙura da shigar da ƙara ta biyu.

Ana cikin haka ɗan kwangilar nan ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Ma'anar wannan a fili take. In ba mu shirya amsa mun tsaya ba, za a iya rushe hukuncin farko, katafila ta shiga gonar Baba Tanimu kafin ruwan shuka, gidansa ya rasa abin da zai ci. Na kai fayil ɗin teburin Alhaji, ya ture ya ce shari'ar mai rago ce. Na kai wa Malam Sani, ya ce ai ita ce shari'ar mai rago. Fayil ya dawo teburina ya zauna, rana na matsowa. Gaskiya hankalina ya tashi, kuma na ji haushinsu ƙwarai, manya da su.

Shanya hular lauya ma aikina ne. A gaban majistare ba a sa ta, amma a Babbar Kotu lauyan da ya miƙe babu farar hular gashin nan, alƙali zai dube shi ƙuru-ƙuru ya ce bai gan shi ba, kuma ba zai saurare shi ba. Da gashin doki ake yin ta, tana zaune a cikin baƙin gwangwani da kafur, in zaman kotu ya kusa sai a fito da ita ta sha iska. Ta Alhaji tsohuwa ce, ta yi ja-ja, kuma yana ji da ita fiye da motar. Rannan ya ce in rataye ta a ƙusar taga kamar yadda aka saba, ya aike ni gidan waya. Ina dawowa na hangi rago tsaye da ƙafafun gaba a jikin bango, ido lumshe, yana tauna a natse. Abin da na iya ƙwatowa daga bakinsa 'yan jelar nan biyu ne na ƙeya.

Alhaji ya fito ya ga jela biyu a tafin hannuna. Ya taɓa su da yatsa. Can ya ce, "Isiyaku, gaya wa mai rago dabbarsa ta yi min ɓarna." Daga bayan katako aka ce, "Isiyaku, gaya wa mai rago ina taya shi jaje, abinsa ya ci abinsa." Sabuwar hula sai an yi oda daga ƙasar waje, lokacin kuma jiragen ruwa sun yi cunkoso a Ikko, kaya kan yi watanni a kan teku. Hula ɗaya ta rage a ofis, ta Malam Sani, wanda muryarsa ke rawa.

Saura 'yan kwanaki a shiga kotu Baba Tanimu ya iso. Hadari ya fara leƙowa ta gabas, ya ce ya yi sharar gona har ya kai taki. Ya ga ragonsa kwance ƙarƙashin fanka, ya ga fayil ɗinsa a teburina da ƙura a kai. Ya ce, "Malam akawu, lahiya? Mi ya hwaru?" Ban ɓoye masa komai ba. Ya shafa gemu, sannan ya ce in kira masa su duka biyun. Kunyar furfurarsa ta sa suka fito zaure, kowa na kallon bangonsa.

Ya ce, "Alhaji, ran da za mu shiga kotu, mi ka ce min? Ba cewa ka yi in kama bakina ba, wai mai ƙara in ya yi magana da kansa ɓata shari'arsa shike yi?"

Alhaji ya ce, "Haka ne, Baba."

"To ku mi ya sa kowa ke tsaya ma kansa? Ku ɗauki lauya mana."

Malam Sani ya ce ai duk garin babu wani lauya sai na ɗan kwangila. Baba Tanimu ya ce, "Ga lauya nan gabanka, ga lauya nan gaban Alhaji. Kai ka tsaya ma Alhaji, Alhaji shi tsaya maka. Ni in yi alƙali, tunda ragona ne."

Da ni da ku aka gaya wa haka dariya za mu yi mu watse. Amma lauya ba ya iya jin an ce ga shari'a ya ƙi, balle a ce ga wanda zai kara da shi. Na ga idon Alhaji ya yi wani ƙyalli. Ya ce, "Na karɓa." Malam Sani ya gyara tabarau ya ce shi ma ya karɓa, kuma yana roƙon a rubuta cewa zai yi nasara. Aka ɗora Baba Tanimu a kujerar Alhaji mai juyawa, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Na jawo rago na tsayar a matsayin shaida, na buga tebur na ce, "Kotu!"

Alhaji ya miƙe ya riƙe bakin riga kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ya mai shari'a, wanda nake karewa, Malam Sani, matashi ne mai haƙuri da aka daɗe ana zalunta. Shi ya taka gonarka da ƙafarsa har takalminsa ya ɓalle. Shi ya tono hujjar da aka ci shari'a da ita. Da aka fito, wa jama'a suka kewaye? Wancan mutumin!" Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Wani ƙaton mai surutu, wanda ko sau ɗaya bai taɓa cewa sannu da aiki ba. Yana kiransa yaro a gaban mutane. Ya shige mota ya bar shi yana bin babur. Ina roƙon kotu ta dubi wannan Alhaji Lawal da kyau, ba shi da ta ido!" Gumi na zuba, murya na tashi, har mai shayin ƙofarmu ya leƙo ya ga wa ake zagi.

Malam Sani ya ga ana neman cinye shi. Ya miƙe, kuma wallahi ranar ban ji rawar murya ba. Ya ce, "Ya mai shari'a, abokin aikina ya iya zance, amma ya ɓoye wa kotu gaskiya. Wannan Sani da ake yabo butulu ne. Wa ya buɗe masa ƙofa lokacin da bai san ko hanyar kotu ba? Alhaji na magana, sai ya gyara masa Turanci a gaban baƙi. Kuma akwai wadda ta fi wannan." Ya juya ya dubi Alhaji. "Wanda nake karewa idonsa ya yi rauni, ƙananan baƙaƙe sun daina ganuwa gare shi. Abin da aka karanta masa sau ɗaya ba ya mantawa, shi ya sa babu wanda ya gane. Sani ya gane. Amma in ransa ya ɓaci sai ya miƙa masa littafi a gaban mutane ya ce, ranka ya daɗe duba nan. Wannan ba halin ɗan kirki ba ne."

Rago dai ya samu gefen tabarma yana ta tauna. Alhaji ya zauna a hankali a kan benci. Ni kaina ban san zancen idon nan ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni.

Baba Tanimu ya juya kujera hagu, ya juya dama, da alama ta yi masa daɗi. Sannan ya ce, "To, kowa ya ci, kowa ya hwaɗi. Amma ku bari in gaya muku abu guda. Wanga rago na layyata ne. Shi kaɗai gare ni, tun shina ɗan ƙarami nike kiwonsa. Bana ban yi layya ba, maƙwabta suka aiko ma iyalina nama. Na ce ba komi, gona ta hi rago. Ashe nan na kawo shi shina cin hula, gonar kuma za ta tahi."

Ban taɓa ganin manyan mutane sun ji kunya irin ta ranar ba. Babu wanda ya ce a yafe masa, ba su iya wannan ba. Alhaji dai ya miƙa hannu ya ɗauki fayil ɗin daga teburina, ya kwance jan zaren da hannu ɗaya, ya miƙa wa Malam Sani ya ce, "Malam, karanta min." Kai tsaye, ba ta bakina ba.

Ɗaura wa Alhaji hular Malam Sani shi ne aiki mafi wuya da na yi a wannan sana'a. Kan Alhaji ya yi biyun na mai hular, sai ta zauna a tsakiyar kai kamar murfin kwano a kan tulu. Na ɗinka mata zaren fayil ta ciki, na shafa wa zaren baƙar tawada, na zagaya da shi bayan kunnuwa. Sharaɗin shi ne kada ya sunkuyar da kai. Da alƙali ya shigo kowa ya rusuna, Alhaji sai ya lanƙwasa gwiwa kawai, wuya a miƙe. Malam Sani na zaune a bencin baya cikin kwat, kai babu komai, yana raɗa min shafi ina raɗa wa Alhaji. Alƙali ya daɗe yana kallon hular ta saman tabarau, amma ya ga lauya, tunda ya saurare shi. Aka kori ƙarar ɗan kwangila. A bakin kotu da mutane suka taso da yabo, Alhaji ya jawo hannun Malam Sani gaba ya ce ga mai aikin nan.

A motar ofis muka mayar da ragon Ruwan Godiya, lauyoyi biyu a gaba, ni da shi a baya yana huro min warin goro. Ruwa ya sauka kwana kaɗan kafin nan. Muka tarar da Baba Tanimu a gona da iyalinsa, yana sara suna binsa da iri. Ya karɓi igiyar, ya yi ta shafa wuyan ragon.

Daga shekarar nan abin ya zama al'adar ofishinmu. Saɓani bai ƙare ba, don mutum biyu ba sa aiki wuri ɗaya a rasa shi. Amma da an fara "Isiyaku, gaya wa", sai in buga tebur in ce kotu, kowa ya tashi ya tsaya wa ɗan'uwansa. Ni ma an taɓa sa ni na kare mai sharar ofis a kan kaina, kuma na kayar da kaina warwas.

Da Babbar Salla ta zagayo, washegarin layya sai ga Baba Tanimu da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Ya sauke a zaure ya buɗe. Cinya biyu ce, ya ɗaga su ɗaya a kowane hannu ya nuna wa lauyoyin don su shaida babu wadda ta fi wata. Ni kuma ya miƙo min tumbi a ƙunshe cikin ganye, ya ce in duba da kyau ko sauran hular Alhaji na ciki. Sannan ya zauna a kan benci ya sha ruwa, ya ce, "Bana na yi layya, kuma da dawar gonata aka yi tuwon Salla."